Katakon da ke rataye a shagona: tambayoyi da amsoshi kan zamiyar ƙanƙara da takalmi mai tauri

Ranar da motar haya ta sauke ni a bakin kasuwar ƙauyenmu, nan ƙasar Jahun, ina saɓe da wata doguwar jaka da ta fi ni tsawo. Yara suka ce bindiga ce. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta dubi jakar ta saki salati, don ta ɗauka makara na ɗauko. Allon zamiya ne a ciki, da takalmansa. Na yi karatun aikin gona a Kaiseri ta ƙasar Turkiyya, garin da ke gindin dutsen Erjiyes, kuma a can wannan wasa ya kama ni. Tun daga ranar ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisa ba. Tambayoyin da aka fi maimaitawa su ne na tattara a nan, wasu da bakin masu su.

Wai mene ne wannan katakon, me ake yi da shi?

Allo ne da mutum ke ɗaure ƙafafunsa biyu a kai, ya gangaro daga kan dutse a bisa dusar ƙanƙara. Turawa suna ce masa sinobod. Ya bambanta da siki, wanda kowace ƙafa take da nata siririn katako, ga kuma sanduna biyu a hannu. A nan katako ɗaya ne, hannu wayam.

Wasan ba tsoho ba ne. A 1965 wani Ba'amurke, Sherman Poppen, ya haɗe katakon siki biyu wuri guda don 'ya'yansa mata su yi wasa a garin Muskegon na jihar Mishigan. A 1977 Jake Burton Carpenter ya kafa kamfanin Burton a jihar Bamont, daga nan abin ya zama sana'a. Akwai dattawa a majalisarmu da suka girmi wasan nesa ba kusa ba.

Ƙanƙarar irin wadda ke faɗo mana da damina ce, ta kashe kaji?

A'a. Tamu tsakuwa ce, tana zuwa da tsawa ta narke kafin a gama mamaki. Waccan kamar auduga take saukowa, shiru, ta taru a ƙasa wata da watanni muddin sanyi bai haura digiri sifili ba. Da dare ana hawa gangaren da wata katafila ta danne ta, ta bar ta da 'yan siraran kunyoyi kamar gonar da yaro ya yi wa huɗa da tsinke. Wannan dannanniyar ƙanƙara ta sassafe ita ce abincin allona. A cikin sabuwar dusa mai zurfi nutsewa yake yi, don siriri ne.

Me ya raba naka da na samarin da muke gani a waya suna tsalle suna juyi a sama?

Abin da ya raba dokin sukuwa da dokin rawa a hawan sallah. Duk doki ne, amma ba tarbiyya ɗaya aka yi musu ba. Masu tsalle suna sa takalmi mai laushi, allonsu gajere ne mai faɗi, gaba da baya duk ɗaya, kuma a kaikaice suke tsayawa. Su ne suka fi yawa ƙwarai. A Erjiyes sai ka wuni ba ka ga mai takalmi irin nawa ko mutum uku ba. Namu allon dogo ne, siriri, mai tauri, hancinsa ɗan kaɗan ya ɗaga, wutsiyarsa kuwa kusan a yanke take, domin ba a yi shi don tafiya da baya ba. Gudu da kwana kawai ya sani.

Kullum kana cewa "yanka". Me ake yankawa?

Wannan ita ce tambayar da in ka gane amsarta, duk sauran kayan za su bayyana maka dalilinsu.

Gefe biyu na allon akwai siririn bakin ƙarfe mai kaifi, daga hanci har wutsiya. Hanyar yin kwana iri biyu ce. Ta farko ita ce ta kowa: ka murɗa allon ya juya a kaikaice, ya dinga kankare ƙanƙara yana watsa ta, kamar ɗan acaɓa ya taka burkin baya a kan yashi, mashin ya ja gindi. Kwana ta yiwu, amma gudu ya tafi. Ta biyu ita ce yanka: ka kifa allon a kan kaifinsa, kaifin ya nutse, wutsiya ta bi daidai ta inda hanci ya bi, ba ta kauce ko taki ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san bambancin ranar da bakinta ya kama ƙasa yana tafiya sumul, da ranar da take tsalle tana karce saman gona.

Ana gane mai yanka da kunne tun kafin a gan shi. Mai kankara ƙararsa kamar ana share tsakar gida da sabuwar tsintsiya. Mai yanka kuwa kamar tela ya ɗan tsaga bakin shadda ya ja ta da hannu biyu. Na shekara biyu ina kankara ina zaton yanka nake yi. Wata safiya, ana buɗe kujerun da ke kai mutane sama a kan waya, na riga kowa sauka. Da na hau kujerar a karo na biyu sai na leƙa ƙasa, na ga wani zare guda ɗaya ya lanƙwasa ya sake lanƙwasawa a kan farar ƙanƙara, faɗinsa bai fi yatsa biyu ba, kamar an ja layi da alƙalami a kan sabon allo. Babu wanda ya bi wurin sai ni. Wani tsohon Baturke da ke zaune kusa da ni ya ga ina ta waige, ya nuna layin da safar hannunsa ya ce "Masha Allah." Ban samu irinsa ba sai bayan sati biyu.

Me ya sa ƙugunsa a tsuke kamar kalangu?

Tsukewar nan ita ce sitiyarin. In ka ajiye allon a ƙasa ka dubi gefensa, za ka ga ba a miƙe yake ba, ɓangare ne na wata ƙatuwar da'ira. In ka kifa shi a kan kaifi, hanci da wutsiya ne kawai za su taɓa ƙasa, ƙugu yana sama. Sai nauyinka ya danna ƙugun har ya sauka, allon ya tanƙwaru kamar baka, kuma wannan bakan shi zai bi. Ba kai kake juya shi ba, kifawa da dannawa ne naka.

Ana auna da'irar da mita. Allon gajeren tsere, wanda tsawonsa yake wajen santimita 155 zuwa 165, da'irarsa ƙarama ce, mita goma ko kusa da haka daga tsakiya zuwa baki. Na dogon tsere na maza yakan kai santimita 185, da'irarsa kuma ta doshi mita 20. Ga wani lissafi da ɗaliban sakandare za su so: gwargwadon yadda ka kifa allon, gwargwadon yadda kwanar ke matsewa. A kifawar digiri 60, kwanar takan dawo kusan rabi, wato allo mai mita 12 ya yi maka kwanar mita 6. Shi ya sa kake ganinsu a hoto kamar sun kwanta, ƙugu na shafar ƙasa. Ba burga ba ce. Ko da yake akwai wasu 'yan Suwizalan da suka mayar da kwanciyar kanta ado, har hammata sai ta taɓa ƙanƙara, su kam burga ce, kuma tana da kyan kallo.

Inna ta ce: "Kai ɗan nan, wannan takalmi kamar turmi ba zai karya maka ƙafa ba?"

Inna, shi ne ma yake tsare ta. Ƙoƙon roba ne mai tauri da ya hau har tsakiyar ƙwauri, da maɓallan ƙarfe huɗu ko biyar, a cikinsa kuma akwai wata safa mai kauri da ake cirewa a shanya. Idan mutum ya kifa allo yana gudu, nauyin da ke sauka a ƙafarsa ya fi nauyin jikinsa. Idon sawu kaɗai ba zai riƙe wannan ba. Takalmin yana ɗauke aikin daga idon sawu ya miƙa wa ƙwauri da gwiwa, ta yadda gwiwa na motsawa kaɗan kaifi zai ji. Ya yi kama da takalmin siki, sai dai tafinsa ya fi gajarta, an sassabe gaba da bayansa don kada ya taɓa ƙasa, kuma yana barin ƙwauri ya rusuna gaba. Wasu suna da sifirin a bayan diddige da ake ɗaurewa ko a sassauta. Sunayen da za ka fi ji su ne UPZ da Deeluxe da Mountain Slope.

Inda ake jin jiki shi ne wajen awo. Ba a bin lamba 42 ko 43 irin ta kasuwa. Tsawon tafin ƙafa ake aunawa da santimita, daga diddige zuwa babban yatsa. Ƙafata 27 ce. Farkon zuwana wani mai ba da haya ya miƙo mini 29, ni kuma na ji daɗi, na ce ga wuri wadatacce kamar takalmin sallah da ake saya wa yaro don ya shekara biyu. Duk kwanar da na yi, ƙafar sai ta zame gaba ta daki bango. Da yamma na cire safa na tarar farcen babban yatsa ya yi baƙi ƙirin, bayan wata guda ya fita gaba ɗaya. Takalmin da ya yi daidai, in kana tsaye yatsu suna ɗan taɓa gaba, in ka rusuna su janye, diddige kuma ba ya ɗagawa ko kaɗan. Ana gasa safar cikin a ɗan tanda a sa maka da zafinta ta ɗauki siffar ƙafarka. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi komai sabo ba, ya sayi tsohon allo, amma kada ya yi wa takalmi rowa.

To me ya sa ƙafafunka biyu suke kallon gaba, ba a gicciye ba?

Lissafi ne. Ƙugun allona bai kai santimita 20 ba, ƙafata 27, ga kaurin takalmi. In na gicciya, yatsu da diddige za su leƙo waje, ina kifawa su tokari ƙanƙara su ɗaga kaifin, sai faɗuwa. Don haka ake karkata maɗauran zuwa gaba, digiri 50 zuwa 60 ga yawancin mutane. An ƙuntata allon ne da gangan, don a yi saurin tashi daga wannan kaifi zuwa wancan.

Maɗaurin kansa farantin ƙarfe ne da aka ɗaure wa allon da kusoshi, da wata lanƙwasasshiyar waya da ke kama diddige, da wata mai marfi da ake dannawa a kan yatsu ta ce ƙas. Likkafa ce, sai dai ba a zare ƙafa. Masu tsere kan ƙara wani dogon faranti tsakanin allo da maɗauri, don allon ya tanƙwaru yadda yake so, girgiza kuma ta ragu kafin ta iso gwiwa.

In ka faɗi, takalmin yana ɓallewa?

Ba ya ɓallewa, kuma haka ake so. Na siki yana saki. A nan in ƙafa ɗaya ta fita ɗaya ta zauna, allon zai murɗe wadda ta rage. Abin da ya fi karyewa a wasan allo wuyan hannu ne, saboda mutum yakan kai hannu ya tare ƙasa. Hular kwano dole ce a tsere, kuma wanda ya hau ba ita ko ba a tsere ba, wauta ya yi.

Da me ake yin sa, kuma nawa ne?

Cikinsa itace ne, an lulluɓe shi da zaren gilas ko na kabon da roba. Na tsere ana shimfiɗa masa siririn faifan wani ƙarfe da ake kira Titanal, wanda ake yi a Ostiriya. Sunan yana ruɗin mutane, alhali gaurayen alminiyom ne. Aikinsa shanye karkarwa, allon ya lafe a kan ƙanƙarar da ta daskare kamar daɓe. Manyan maƙeran ƙananan kamfanoni ne: Kessler da Oxess a Suwizalan, SG na tsohon zakaran Ostiriya Sigi Grabner, Donek a Amurka. Da yawa sai ka faɗa musu nauyinka su ƙera maka, kamar ɗinki.

Sabon allon tsere ya haura Yuro 1,000, ban da takalmi da maɗauri. A kasuwar Maigatari wannan kuɗin bijimi ne. Nawa kwance ne, na hannu na uku. Sannan yana cin hidima: a narka masa kaki da dutsen guga a goge cikinsa, a bi kaifin da magagari a tsayar da shi wajen digiri 88. In ka goga bayan farce a kaifin bai ɗebo gari ba, ya dakushe.

Yaya ake tseren?

Sukuwa ce ta mutum biyu. Ana kafa layin tutoci biyu kafaɗa da kafaɗa, ja da shuɗi, iri ɗaya gwargwadon iko. Tutar mai kusurwa uku ce, sandar da ake zagayawa gajera ce ƙwarai don mai tsere ya kwanta a kanta ba tare da ta doke shi ba. A dogon tseren tsakanin tuta da tuta mita 20 zuwa 27 ne, gangaren kuma yana sauka mita 120 zuwa 200 daga sama zuwa ƙasa. Da safe kowa ya yi gudu biyu da agogo, ɗaya a ja ɗaya a shuɗi, a ɗebi 16 da suka fi sauri. Daga nan sili ɗaya ƙwale: ƙofofi biyu su buɗe lokaci guda, wanda ya riga isa ya wuce. A Olamfik ta yanzu gudu ɗaya ake yi, wanda ya fi lokaci da safe shi ke zaɓar layi, kuma zaɓin ba ƙaramin abu ba ne, don kafin la'asar wani layin ya riga ya rarake ya yi kwazazzabai.

Abin da ke ba da nasara shi ne wanda ya fi ƙarancin kankara. Kowace ƙura da ka ga ta tashi a bayan mutum, lokaci ne ya zubar.

Su wa suka yi suna a ciki?

Wasan ya shiga Olamfik ta hunturu a Nagano ta Japan a 1998. Ross Rebagliati na Kanada ya ci zinare, aka ƙwace saboda an ga alamar wiwi a jikinsa, aka mayar masa da shi da aka duba aka ga ba ta cikin jerin abubuwan da aka haramta a lokacin. Ta mata Karine Ruby ta Faransa ce. A 2002 aka koma tseren mutum biyu. Chris Klug na Amurka ya ci tagulla bayan an yi masa dashen hanta a 2000. Philipp Schoch na Suwizalan ya ci zinare a 2002, ya sake ci a 2006, kuma wanda ya kayar a wasan ƙarshe wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Simon. Na faɗi wannan a majalisa, Kawu ya ce yaron ba shi da kunya.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Ester Ledecká ta ƙasar Cek. A 2018 a Koriya ta Kudu ta shiga tseren siki da ba a sa ta a lissafi ba, ta ci zinare da ratar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ta tsaya tana kallon allon sakamako tana zaton kuskure ne. Bayan mako guda ta ɗaura takalmi irin nawa ta ci wani zinaren. A 2022 a Beijin ta sake cin na allo. Manoma kuma ga naku: Lee Sang-ho, wanda ya ci azurfa a 2018, a gonar kabeji da ƙanƙara ta rufe ya fara koyo, har yau Yaron Kabeji ake ce masa a ƙasarsu.

Akwai ɗan Najeriya?

A wannan tseren na Olamfik ba mu fito ba tukuna. Mun fara zuwa gasar hunturu a 2018, da Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a keken ƙanƙara, da Simidele Adeagbo a wani mai kama da shi da ake kwanciya rub da ciki. A 2022 Samuel Ikpefan ya yi tseren siki na dogon zango.

"Yaya, ga jigayi nan a bayan gari, me zai hana mu gwada?"

Ƙanena ne ya dame ni da wannan har na biye masa. Muka ɗauki allon bayan la'asar muka nufi tudun da ya fi kowanne tsayi a yamma da gari, yara kusan ashirin a bayanmu. Na zauna na ɗaura takalmi ina zufa, na miƙe, na ce bismillah. Allon ya tafi kamar taku huɗu ya tsaya cak, ni kuwa ban tsaya ba. Na tashi da yashi har cikin kunne. Wani yaro da ya zo da fasasshiyar jarka ya zauna a kanta ya wuce ni fuu har ƙasa, yana waigowa.

Dalili biyu ne. Ƙanƙara tana da santsi a ƙarƙashin allo, rairayi kuwa sanfefa ne. Taku huɗun nan sun cinye kakin sun bar mini zane a cikin allon. Na biyu, yashi ba ya riƙe kaifi, rushewa yake yi, ga shi tuddanmu ba su da tsayin da za a tara gudu. Amma zamiyar rairayi wasa ce mai zaman kanta. Ana yin ta a Namibiya, kuma a Jamus akwai tsibin yashi mai suna Monte Kaolino, tsawonsa wajen mita 120, inda aka sha yin gasar duniya. Allonta cikinsa fomeka ne, ana goga masa kaki kowace sauka. Kafinta na gari zai iya haɗa irinsa da filawud, kuma wanda ya kai shi manyan tuddan Tulo-Tulo a Yusufari ta jihar Yobe zai sha daɗi. Kwanar kankara zai yi, ba yanka ba.

Ina ne mafi kusa da za a samu ƙanƙarar gaske?

A Afirka akwai Ukaimeden a duwatsun Atlas na Maroko, kudu da Marrakesh, sai dai ƙanƙararsa ba ta da alƙawari. Akwai Afriski a Lesoto, inda hunturu yake Yuni zuwa Agusta, lokacin da muke noman fari da maimai. Na cikin ɗaki akwai a Dubai tun 2005, tsawonsa mita 400, da wani a gefen Alƙahira. Waɗannan sun isa mutum ya taɓa ƙanƙara ya koyi tsayuwa, amma dogon allo yana son fili mai faɗi da ba cunkoso, don mai yanka yana ratsa gangare daga wannan gefe zuwa wancan, na bayansa kuma ba sa zaton haka. Mai shirin farawa ya fara da takalmi mai laushi na haya, da malami, kwana uku ko huɗu. Ga ɗalibanmu da ke Turkiyya, Erjiyes kilomita 25 ne kacal daga Kaiseri, kuma an yi gasar cin kofin duniya ta wannan tsere a can.

Sallah fa, cikin wannan sanyi?

Nakan yi alwala a masauki kafin in sa takalmi, in riƙe ta har azahar. Wurin sallah ba ya wuya a can. Cire takalmin da ya sha sanyi ne aiki, don robar takan ƙara tauri, sai ka zauna kusa da hita ta saki.

Kawu ya ce: "Tunda ba ƙanƙara a nan, ba ni shi in yi benci a ƙofar gida."

Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, faɗinsa bai kai tafin hannu biyu ba, kuma kaifin zai yanka maka babbar riga. Na shafe bakin ƙarfen da kaki mai kauri saboda tsatsar damina, na rataye shi nesa da kwanon rufi don zafin bazara kada ya saki gam ɗin. Takalman kuwa na toshe bakinsu da tsumma tun ranar da na zura hannu na tarar kaza ta yi ƙwai biyu a na hagu.